Takardar da Ta Ci Maki Sha Takwas

Assalamu alaikum, mutanena. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na ƙara kwana goma ban rubuta ba za ta biyo ni Bodinga da ƙafarta. Ki zo, 'yar uwa, za ki same ni a ɗaka ido a kumbure. Ba jan rai ya sa na yi shiru ba. Abin da zan faɗa yau ne ya yi mini nauyi, don babu wani mugu a cikinsa da zan nuna muku mu taru mu zage shi. In akwai mai laifi, ni ce.

Ga wanda yau ya fara bin labarin, sunana Ummukulthum, shekarata ashirin da ɗaya, ina aji ɗaya a jami'a a Sakkwato. Soshiyoloji nake karantawa, wato nazarin yadda mutane suke zama da juna. Mu Fulanin gida ne. Fulatancin ya daɗe da barinmu, amma shanun suna nan a garke bayan gari, girman kan ma yana nan bai je ko'ina ba. Baffana, wato mahaifina, Malam Ubaidullahi, tsohon hedimasta ne, har yau jan biro ba ya barin aljihun rigarsa.

Wanda nake so kuma Lirwanu ne, likitan dabbobi. Shekara biyu da suka wuce naƙuda ta zo wa farar saniyar Baffa da gardama, shi aka kira. Ya naɗe hannun riga, ya fi awa biyu durƙushe cikin taɓo, ya fitar da maraƙin da rai, uwar ma ta tashi. Tun daga ranar duk Asabar sai ya leƙa garke, ya dawo su ci tuwon rana da Baffa a kwano ɗaya. Baffa ba ya kiran sunansa, “ɗana” yake ce masa. Da ya nuna yana sona ba wanda ya yi mamaki, har an tsayar da magana cewa Asabar ta sama kawunnansa za su zo gaisuwa. Kowa ya san shi a matsayin ɗan Sakkwato, don a can ya tashi hannun ƙanin mahaifiyarsa.

To, bari in kai ku aji.

Malaminmu Dokta Maniru ɗan siriri ne, kullum cikin farar shadda da hula zanna, in yana lakca sai ka rantse da wani yake faɗa. Shi ya koya mana cewa matsayin mutum iri biyu ne. Akwai wanda aka haife ka ka tarar da shi yana jiranka, kamar gidan da ka fito da sana'ar kakanka. Akwai kuma wanda ka samo da guminka. Ya ce masana sun rabu. Wasu suna ganin al'umma kamar jikin mutum take, kowace gaɓa da aikinta, ko al'adar da ka raina akwai abin da take riƙewa. Wasu sun ce ƙarya ne, na sama ne suka tsara komai don na ƙasa su tabbata a ƙasa. Na uku kuma sun ce a bar manyan maganganu, a duba ƙananan abubuwa, wa aka shimfiɗa wa tabarma, wa aka bari a tsaye, don a nan mutane suke gaya wa juna matsayinsu ba tare da sun buɗe baki ba.

Wallahi karatun nan ya shige ni. Na koma gida ina kallon kowa sama-sama. Inna ta tsawata wa ƙannena, in ce a raina, ga tarbiyya tana aiki. Goggo Kulu, yayar Baffa, ta fara lissafo wa ya auri wa a dangi, in ce ga auren cikin gida. Na ɗauka duk abin da ka san sunansa ka fi ƙarfinsa.

Sai Dokta ya ba mu aiki: kowa ya samo mutum ɗaya na gaske wanda ya tashi daga matsayin da ya gada ya hau wani, ya rubuta shafi huɗu a kansa. Ya ja kunnenmu, a canza suna, a ɓoye gari, kada a tona asirin kowa. Mako biyu ina neman wanda zan rubuta ban samu ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Lirwanu ya zo zance. Na sa atamfata ruwan ganye da mayafi baƙi, na turara jiki, na fito zaure da ruwan sanyi. Na ga ba ya dariya yadda ya saba. Sai juya makullin babur yake a hannu.

“Ummu, akwai maganar da nika son ki sani tun ba a kai ga manya ba.”

“Halan wata matar gare ka ɓoye?” na ce ina tsokana.

“Da ita ta, da ta zo da sauƙi.”

Ya ce shi asalinsa Kajiji ne, can ƙasar Shagari. Kakansa shi ne Sarkin Fawan garin, mahaifinsa ma da wuƙa a hannu ya rayu har ya rasu Lirwanu yana shekara shida. Mahauta ne kaka da kakanni, Rundawa kamar yadda muke cewa a nan. Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ce to sai me? Ku tambayi gida irin namu. Muna sayar musu da sa, mu ci naman da suka yanka, mu yi sahu ɗaya a masallaci, amma 'ya ba a ba su.

Ya daɗe yana magana. Ya ba ni labarin yadda yara suke toshe hanci in ya shigo aji, da yadda yake wanke hannu da toka har fata ta tsage. Ya ce, “Ubana shina yanka, ni ina warkarwa, amma hannun guda na. Gare shi nig gane jikin dabba tun ban san harafi ba.” Ya ce ba zai bari Baffa ya ji a bakin masu bincike ba. Zai sami limamin unguwarmu su tafi tare, ya faɗa da bakinsa ranar Alhamis kafin zuwan kawunnansa. In Baffa ya ji daga gare shi, ƙila ya duba shekara biyun nan.

“Ki riƙe min wagga magana, Ummu. Ko Lubna kada ta ji.” Lubna ƙawata ce ta makaranta.

Na yi kuka, na rantse masa. Kuma ban gaya wa Lubna ba. Abin da na yi ya fi haka muni.

Na rubuta shi.

Na san abin da kuke faɗa yanzu, ni ma na faɗa wa kaina ya fi sau ɗari. Amma a lokacin gani nake girmama shi nake yi. Na sa masa suna Malam Kabiru, Kajiji na mayar da shi garin K, Bodinga garin B. Na zauna na ce ai na ɓoye. Sai dai na bar shi likitan dabbobi, na bar kawun da ya riƙe shi a birni, har saniyar da ya ceta a gidan wani tsohon malamin makaranta na sa, don ta ƙara wa rubutun armashi. Maganganunsa kuwa na zuba su yadda ya faɗe su. Likitan dabbobi nawa ne a garin B? Ni da kaina na san amsa, amma na ce Dokta Maniru kaɗai zai karanta, shi kuwa bai san kowa namu ba.

Aka dawo mana da takardu, sha takwas bisa ashirin. Ba wanda ya kamo ni a ajin. Dokta ya zana ƙaton maki da jan biro, ya rubuta a ƙasa cewa muryar mutumin ta fito kamar yana gabansa. Na ninke takardar na tura can ƙasan jaka, ƙarƙashin hijabai masu datti, na hau mota zuwa gida ina jin kaina wata tsiya.

Jiya Asabar da hantsi na shiga maƙwabta kitso. Na dawo kai yana zafi, shuku ne ƙanana, na tarar da hijabaina a shanye kan igiya, Inna tana dama fura tana murmushi ita kaɗai. Inna ba ta yi boko ba, amma shekara ashirin da biyar tana auren hedimasta, ta san lamba, ta san jan biro. Tun ina firamare duk takardar da ta ga babban maki a kai, ita take ɗauka ta kai wa Baffa da hannunta. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, ba ta yabona a gaban mutane. Wannan kai takardar ita ce kaɗai hanyar da take nuna tana alfahari da ni.

“Ke, ashe haka kika ƙoƙari kina ɓoyewa? Na ishe takardarki cikin wanki, sauran kaɗan in jiƙa ta. Na kai ma Malam.”

Na dafa turmi.

“Inna, wace takarda?”

“Mai sha takwas mana. Mi as same ki? Kitson na yay yi tsauri?”

Na leƙa ta tagar ɗakin Baffa. Yana zaune kan buzu, tabarau a karan hanci, takardar a hannu, furar da aka kai masa ko buɗe ta bai yi ba. Ya kai ƙarshe, ya koma shafin farko. Na tsaya ina addu'ar Allah ya sa Turancina ya rikita shi, alhali shi ya koya mini Turancin.

Bai kira ni ba. Da azahar ta gabato muka ji ƙarar babur ɗin Lirwanu ya dawo daga garke. Inna ta ɗauko babban kwanon da suke ci tare, ta fara kwashe tuwon dawa. Sai ga Baffa a bakin madafa, abin da bai taɓa yi ba.

“A zuba ma Likita nashi daban. Cikin kwanonin baƙi. A sa mai cokali.”

Inna ta ɗago. “Malam, yau kuma? Ai ɗan gida na.”

“Haka nic ce.”

Likita, ba ɗana ba. Inna ta shiga ɗaka ta sauko da kwanonin langa masu furanni daga saman kabad, waɗanda ba a taɓawa sai an yi baƙi daga nesa. Ta ƙara masa nama har tsoka uku. A ganinta karrama surukin gobe ake yi. Ni kuwa da na zauna a ajin Dokta Maniru na san abin da kwanon yake faɗa, kuma sanin bai amfane ni da komai ba. Ni aka ba tiren na kai.

An shimfiɗa masa sabuwar darduma a zaure shi kaɗai, taku biyu daga tabarmar Baffa. Ya dubi tiren, ya dubi kwanon Baffa, ya dube ni. Hannunsa da ya riga ya wanke yana ɗigar ruwa. Na ajiye na juya da sauri, na laɓe bayan ƙyauren zaure. Ba na jin komai sai ƙarar cokali, shi ma bai wuce sau uku ba.

“Likita,” Baffa ya ce, “karanta wagga takarda. In ka ƙare ka hwaɗa min, gaskiya ta ko ƙarya.”

Shafi huɗu ne, amma na ji kamar shekara. Ina jin juyin kowane shafi. Wata akuya ta zo tana cin gefen mayafina ban ko kore ta ba.

“Gaskiya ta, Baba.”

“Dut?”

“Dut. Sunana kawai anka sake.”

“Shekara biyu kana sa hannu kwanona.”

“Baba, wallahi na yi niyyar zuwa da Liman ran Alhamis, in hwaɗa da bakina. Ana iya tambaya tai, na riga na gaya mai ina son ganinku.”

“Alhamis,” Baffa ya maimaita a hankali. “Alhamis nawa sunka wuce cikin shekara biyu?”

Can na ji Lirwanu ya ce Allah ya ƙara girma, ya gode da abinci. Ya tura babur ɗin har ƙarshen layi kafin ya tayar, yadda yake yi kullum don kada ƙara ta dami Baffa.

Sannan aka kira ni. Na durƙusa nesa, kaina a ƙasa. Da Baffa ya yi faɗa, da ya zage ni, da na sami abin riƙewa. Sai ya miƙo mini takardar. Ya gyara kurakurai biyu da Dokta bai gani ba, da nasa jan biron.

“Kin yi rubutu mai kyau, Ummu. Dut abin da kic ce game da mu haka shike.”

“Baffa, to in haka ne...”

“Dakata. Na san ba addini na ba. Na karantar da yara shekara talatin da biyar cewa ba wanda yaf fi wani sai da tsoron Allah. Yaron ga ya hi samarin danginmu hankali, ni shaida na. In ni ɗai na, da na ba shi ke yau.”

“To wane ne, Baffa? Kai ne ubana.”

“Ƙannenki ukku mata. Ran da anka ce ɗiyar Ubaidullahi tana gidan Rundawa, wa za shi zo neman su cikin dangi? Goggonki Kulu ba ta sake taka gidan ga. Ɗiyan da za ki haihwa, in sunka zo suna ko biki, ina za a zaunar da su? Ke kina ganin mutum guda. Ni gida nika gani.”

Na ce a raina, ga masu cewa al'umma jiki ce, yau ga ni gaɓar da za a danne don sauran su zauna lafiya. Na buɗe baki in kawo masa hujjar ɗaya ɓangaren, in ce wannan tsari ne na danniya kawai. Na haddace ta tsaf, na ci maki da ita. Sai na ga idon Baffa ya kaɗa. Wa zan yi wa lakca? Mutumin ya riga ya yarda da ni, kuma bai motsa ba.

“Da ya zo da bakinai, Baffa? Da ka yarda?”

Ya daɗe yana kallon dardumar da Lirwanu ya tashi a kai.

“Ban sani ba. Ƙila da na ji kunyar idonai, da na Liman. Yanzu kau takarda tag gaya min, ba shi ba.”

Wannan ƙilar ce ta gama da ni, mutanena. Da ya ce a'a kai tsaye, da na ce dama can babu hanya. Ashe akwai 'yar ƙofa, ni na rufe ta. Na shiga gida na tarar da Inna zaune bakin murhu, ta ji komai. Ta ce, “Ni dai lamba nig gani,” ta sa gefen zane ta rufe fuska. Ban taɓa ganin kukan Inna ba sai jiya, kuma ko lallashinta ban iya ba.

Na kira Lirwanu sau tara bai ɗauka ba. Na tura saƙo: “Don girman Allah ka saurare ni.” Na sake turawa: “Na canza suna, wallahi ban zaci zai fita daga makaranta ba.” Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara, saƙonsa ne ya shigo.

“Ban ga laifin Baba ba. Ban ga na Inna ba. Tambaya guda gare ni.”

“Ina ji.”

“Maganata na gani cikin takardar, kalma da kalma. Har inda na yi shiru kin sa ɗigo-ɗigo. Na hi rabin awa ina magana ran nan. Ƙaƙa anka yi ba ki manta ko guda ba?”

Akwai abin da ban gaya muku ba, don kunya ta hana ni. Ranar da ya fara magana a zaure, da na ji ya ambaci Sarkin Fawa, wani abu ya ce mini ga aikin Dokta ya samu. Wayata tana cikin mayafi. Na laluba na danna wurin ɗaukar murya. Kukan da na yi na gaskiya ne, rantsuwar ma har zuciyata na yi ta, amma duk lokacin wayar tana ɗauka. Dokta ya koya mana ba a ɗaukar muryar mutum sai da izininsa. Wannan darasin ma na ci shi a jarrabawa.

Na rubuta ƙarya sau uku ina gogewa. Na ce ƙwaƙwalwa gare ni, na goge. Daga ƙarshe na tura masa: “Na ɗauki muryarka.”

Ya karanta nan take. Na zauna gefen gado ina kallon wayar har aka fara kiran shanu su dawo garke. Sannan amsa ta shigo, saƙo biyu a jere.

“Na hwaɗa ma kawu kada su zo ran Asabar.”

“Ki goge. Labarin ubana na, ba na makaranta ba.”

Na buɗe muryar da na ɗauka. Minti talatin da huɗu. Duk hotunanmu biyu ne kacal, saƙonninsa kuwa gajeru ne, shi ba mai yawan rubutu ba ne. Wannan ne kaɗai wurin da yake kiran sunana da muryarsa, yana cewa ya yarda da ni fiye da kowa a duniya. Abu ɗaya ya taɓa roƙona na saɓa, yanzu ga na biyu, kuma na san shi ne na ƙarshe.

Na rubuta masa, “Na goge.”

Ban goge ba.